BABI NA UKU: BIZAR DINDINDIN GA JARIRIN INDIYAWA DA AKA HAIFA A WAJEN INDIYA

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana matsayin jaririn da iyayensa Indiyawa suka haifa a wata ƙasa, da yadda ake samar masa takardar da ke ba shi damar shiga Indiya har iyakar rayuwarsa. Za a ɗauki ƙasar Tambuwal da Kebbe a matsayin madubi, domin a ga yadda dokokin ƙasashen biyu, wato Nijeriya da Indiya, ke cuɗanya a kan jaririn da bai ma san an yi ruwa an ɗauke ba.

3.1 Mahaifa da Asali

A al'adar Bahaushe, inda aka binne cibiyar mutum nan ne mahaifarsa. Idan mace ta haihu a Tambuwal ko Dogon Daji ko Kuchi, aka yi kwana bakwai aka raɗa suna, aka yanka rago, wanzami ya yi aski, to jama'a sun shaida yaron ɗan garin ne. Amma Bahaushen nan dai shi ne ke tambayar asali. Idan magana ta kai ga aure ko sarauta ko gado, sai a ji ana cewa ɗan wane ne, daga ina kakansa ya zo. Ke nan tun can Bahaushe yana da ma'auni biyu, na wurin haihuwa da na jini, kuma ya san lokacin da yake ɗaukar kowane.

Dokokin ƙasashen duniya ma a kan waɗannan ma'aunai biyu suka rabu. Amurka ta riƙi wurin haihuwa tun daga gyara na 14 da aka yi wa tsarin mulkinta a shekarar 1868, don haka jaririn da aka haifa a can yakan tashi da fasfon Amurka ko da iyayensa baƙi ne. A watan Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a wani umurni na taƙaita wannan haƙƙi, nan take aka garzaya kotu da shi. Ingila ta bar wannan hanya tun daga ranar 1 ga Janairun 1983. Ita kanta Indiya ta bi wurin haihuwa har zuwa 1 ga Yulin 1987, daga nan ta shiga sharɗanta jinin iyaye.

Nijeriya ma ta yi irin wannan sauyi. Tsarin mulkin 1960 ya ɗauki wanda aka haifa a ƙasar bayan samun 'yanci a matsayin ɗan ƙasa, sai gwamnatin soja ta Janar Yakubu Gowon ta gyara tanadin a 1974, tsarin mulkin 1979 kuma ya tabbatar da bin jini. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi cewa wanda aka haifa a Nijeriya bayan 'yanci yana zama ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Wannan shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya a babin.

3.2 Indiyawa a Ƙasar Sakkwato

Dangantakar Nijeriya da Indiya ta girmi 'yancin Nijeriya, domin tun a 1958 Indiya ta buɗe ofishinta a Legas, kuma Firayim Minista Jawaharlal Nehru ya ziyarci ƙasar a 1962. Hafsoshin Indiya sun taimaka wajen kafa Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna a 1964. Sai dai talakan karkarar Sakkwato ya san Ba'indiye ne ta hanyoyi uku: malamin makaranta, likita, da kuma majigin Indiya. Lokacin da kuɗin mai ya bunƙasa, aka ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta a 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato, makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai suka yawaita fiye da malaman da ake da su. Gwamnatocin jihohin Arewa suka ɗauko malaman lissafi da kimiyya daga Indiya da Pakistan da wasu ƙasashe a kan kwantaragi. Da yawansu sun zo da iyali, wasu kuma a nan matansu suka haihu. Faɗuwar darajar naira bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ita ta kori akasarinsu. Waɗanda ake samu a baya-bayan nan yawanci ma'aikatan kamfanoni ne da 'yan kasuwa da masu harkar magani, kuma sun fi yawa a Legas da Kano da Abuja.

Akwai kuma wata sabuwar hanya da ta juya akalar al'amarin. Samarin Arewa da dama sun tafi karatu Indiya, wasu da tallafin gwamnatocin jihohi, kuma ba abin mamaki ba ne wani ya dawo da mata Ba'indiya. Saboda haka tambayar da wannan babi ke amsawa tana iya tasowa a gidan Ba'indiye baƙo, tana kuma iya tasowa a gidan Bahaushe ɗan gari.

3.3 Jaririn da Iyayensa Duka Indiyawa ne

A ɗauka wani likita Ba'indiye yana aiki a Tambuwal, matarsa ita ma Ba'indiya ta haihu a nan. Maƙwabta za su ce an yi wa Tambuwal ɗa, amma a idon doka yaron ba ɗan Nijeriya ba ne, tun da babu ɗan Nijeriya a iyayensa ko kakanninsa. Takardar shaidar haihuwa da Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa za ta ba shi, bisa Doka ta 69 ta shekarar 1992 wadda ta nemi a yi rajistar haihuwa cikin kwana 60, shaida ce kawai cewa an haife shi a rana kaza a wuri kaza. Ba ta mayar da shi ɗan ƙasa.

To ɗan ina ne? Sashe na 4 na Dokar Zama Ɗan Ƙasa ta Indiya ta 1955 shi ya amsa wannan. Wanda aka haifa a waje kafin 10 ga Disambar 1992 yana zama ɗan Indiya ne ta wajen uba kaɗai, wato 'ya'yan malaman nan na shekarun 1970 da 1980 duk ta jinin uba suka samu. Daga wannan rana aka daidaita uwa da uba. Daga 3 ga Disambar 2004 kuma aka ƙara sharaɗi mai tsauri: dole a yi wa jaririn rajista a ofishin jakadancin Indiya cikin shekara ɗaya da haihuwarsa, iyaye kuma su yi rantsuwa a rubuce cewa ba ya riƙe da fasfon wata ƙasa. Idan shekara ta wuce, sai an nemi izini na musamman daga gwamnatin tarayyar Indiya.

A nan ne haɗarin yake. Jaririn da Nijeriya ba ta ɗauka nata ba, iyayensa kuma suka yi sakaci da rajistar Indiya, ya zama jemage, shi ba tsuntsu ba shi ba dabba ba. Ba shi da fasfon da zai fita da shi, ba shi da ƙasar da za ta tsaya masa. Wanda ya san halin da 'ya'yan Hausawa mazauna Makka da Jidda ke shiga, waɗanda aka haifa a can amma ba su da takardar can ba su da ta nan, ba zai ɗauki wannan da wasa ba. Ga mazaunin Tambuwal, wanda ke da tafiyar kusan kilomita 100 kafin ya kai birnin Sakkwato, balle Abuja inda babban ofishin jakadancin Indiya yake ko Legas inda ƙaramin ofishin yake, shekara ɗaya ba ta da tsawo kamar yadda ake zato, musamman ga mai jego.

Idan aka yi rajistar a kan kari, yaron ya zama cikakken ɗan Indiya, za a ba shi fasfon Indiya na shekara biyar irin na yara, kuma ba ya buƙatar biza don shiga ƙasarsa. Takardar da yake buƙata ta wajen Nijeriya ce, wato izinin zama daga Hukumar Shige da Fice, wanda ke rataye da izinin aikin mahaifinsa, kuma ana sabunta shi lokaci-lokaci. Ranar da kwantaragin uban ya ƙare, zaman ɗan ma ya ƙare. Saboda haka, duk da sunan wannan babi, jaririn Indiyawa biyu da aka haifa a Nijeriya ba shi ne ainihin mai neman bizar dindindin ba. Masu nemanta su ne waɗanda suka tashi da fasfon wata ƙasa.

3.4 Asalin Katin O.C.I.

Tsarin mulkin Indiya, wanda ya fara aiki ranar 26 ga Janairun 1950, bai yarda mutum ya haɗa zama ɗan Indiya da na wata ƙasa ba. Wanda ya karɓi fasfon wata ƙasa da son ransa ya saki na Indiya ke nan. Wannan ya daɗe yana ci wa Indiyawan ƙetare tuwo a ƙwarya, domin mutum ya zama sai ya nemi biza kafin ya je jana'izar mahaifiyarsa. A 1999 gwamnati ta fito da wani kati na masu asali da Indiya mai wa'adin shekaru. A 2000 aka kafa kwamiti ƙarƙashin L. M. Singhvi don nazarin al'amuran 'yan ƙetare, kuma shawarwarinsa ne suka haifar da gyaran doka na 2003 da na 2005. A watan Janairun 2006, a taron Indiyawan ƙetare da aka yi a Hyderabad, Firayim Minista Manmohan Singh ya miƙa katunan farko na abin da ake kira O.C.I. a taƙaice, wato ɗan Indiya mazaunin ƙetare. A watan Janairun 2015 aka narkar da tsohon katin cikin sabon.

Sunan katin yana da ruɗi, kuma ana iya cewa da gangan aka yi masa kwalliya. Mai riƙe da shi ba ɗan ƙasa ba ne ko kaɗan. Baƙo ne da aka ba bizar shiga da fita ba adadi har ya mutu, aka kuma ɗauke masa zuwa yin rajista wurin jami'an kula da baƙi komai daɗewar zamansa. Yana iya karatu, ya yi aiki a kamfani, ya buɗe asusun banki, ya sayi gida. Amma ba ya jefa ƙuri'a, ba ya tsayawa zaɓe, ba ya riƙe manyan muƙaman gwamnati, kuma ba ya sayen ƙasar noma. Wannan na ƙarshe shi zai fi ɗaure wa mutumin Kebbe kai, domin a wurinsa wanda ba shi da ikon mallakar gona a gari, ko ya shekara ɗari, baƙo ne.

3.5 Wanda ya Cancanta

Dokar ta buɗe ƙofa ga wanda ya taɓa zama ɗan Indiya daga 26 ga Janairun 1950, ko ya cancanci zama a wannan rana, da ɗansa da jikansa da tattaɓa-kunnensa. Ta kuma ambaci ƙaramin yaro wanda iyayensa duka biyu, ko ɗaya daga cikinsu, 'yan Indiya ne. Miji ko matar ɗan Indiya ma na iya nema idan auren ya yi rajista ya kuma kai shekara biyu. Ke nan jaririn da Indiyawa suka haifa a Amurka ya tashi da fasfon can ya shiga, haka ma jaririn da Bahaushen Tambuwal ya haifa da matarsa Ba'indiya, haka ma wanda Ba'indiye ya haifa da matarsa 'yar Kebbe.

Akwai ƙofar da aka rufe ruf. Duk wanda shi ko iyayensa ko kakanninsa ko iyayen kakanninsa suka taɓa zama 'yan Pakistan ko Bangladesh, ba ya samun katin. Wannan ya samo tushe daga rabuwar Indiya da Pakistan a 1947. A ƙasar Hausa ba a cika bambanta Ba'indiye da ɗan Pakistan ba, duk Indiyawa ake ce musu, amma a teburin jami'in biza bambancin kamar na dare da rana ne. A watan Nuwambar 2019 gwamnatin Indiya ta soke katin marubuci Aatish Taseer, wanda mahaifiyarsa Ba'indiya ce kuma a Indiya ya tashi, bisa hujjar cewa bai bayyana mahaifinsa ɗan Pakistan ne ba. Wannan ya nuna cewa dindindin ɗin katin yana da iyaka, domin sashe na 7D na dokar ya ba gwamnati ikon soke shi idan an same shi ta hanyar ƙarya, ko mai shi ya nuna rashin biyayya ga tsarin mulkin Indiya, ko aka ɗaure shi a kan babban laifi.

3.6 Zaɓin da ke Gaban Iyayen Ruwa Biyu

Wannan shi ne wurin da ya fi buƙatar natsuwa. Jaririn da ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Nijeriya ne, ɗayan kuma ɗan Indiya, ɗan Nijeriya ne tun ranar da ya faɗo, ko ta uwa ko ta uba, kuma sashe na 28 na tsarin mulkin 1999 bai hana ɗan ƙasa na haihuwa riƙe wata ƙasa ba. Matsalar daga ɓangaren Indiya take. Idan iyaye suka yi masa fasfon Nijeriya, ba za su iya rantsuwar da sashe na 4 ya nema ba, don haka hanyar da ta rage ita ce katin O.C.I. Idan kuwa suka yi masa rajistar ɗan Indiya, to doka ta ce cikin wata shida bayan ya cika shekara 18 sai ya saki ɗayar ƙasar, in ba haka ba ya rasa ta Indiya.

Idan aka auna, ga yaron da zai tashi a Tambuwal, ya yi makarantar allo da ta boko a nan, ya gaji gonar kakansa, fasfon Nijeriya da katin O.C.I. sun fi masa amfani. Yana da cikakken 'yanci a inda yake zaune, ƙofar dangin uwarsa kuma a buɗe take. Duk wanda ya ga yadda mutanen Arewa ke fafutukar neman bizar zuwa asibiti ko karatu a Indiya zai san darajar wannan. Bugu da ƙari, dokar ta bar masa hanyar komawa: wanda ya riƙe katin shekara biyar, ya kuma zauna Indiya shekara guda kafin ya nema, yana iya neman zama cikakken ɗan Indiya, amma sai ya ajiye fasfon Nijeriya.

Sai dai nauyin bai zama ɗaya tsakanin uba da uwa ba. Idan uban ne Bahaushe, yaron zai samu takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ba wuya, domin hakimi da mai unguwa sun san gidansu, matar kuma sashe na 26 ya ba ta damar zama 'yar Nijeriya ta hanyar rajista, ko da yake yin haka zai raba ta da fasfon Indiya. Idan kuwa uwar ce 'yar Kebbe uban Ba'indiye, tsarin mulki ya ce yaron ɗan ƙasa ne, amma al'adar ba da takardar asali ta fi bin uba, kuma wannan takarda ita ake tambaya wajen shiga jami'a da neman tallafin karatu da ɗaukar aikin gwamnati. Shi mijin ma sashe na 26 bai ambace shi ba, sai dai ya bi sashe na 27 wanda ya sharɗanta zaman shekara 15. Wannan giɓi ne a dokar Nijeriya, kuma ba katin Indiya ne zai cike shi ba.

3.7 Yadda Ake Nema

Ana cike takardar nema ne ta intanet, sannan a miƙa takardun asali ga ofishin jakadanci don tantancewa. Abu na farko shi ne fasfon yaron na ƙasar da yake riƙe da ita, domin katin a kan fasfo yake tsayawa, wato ba a fara neman sa sai fasfo ya fito. Sai takardar haihuwa mai ɗauke da sunayen iyaye, wadda akan nemi Ma'aikatar Harkokin Waje ta tabbatar da ingancinta, da fasfon uwa ko uba na Indiya, da takardar aure, da hoton yaron, da dangwalen babban yatsansa a maimakon sa hannu. Kuɗin da aka ƙayyade ga mai nema daga ƙetare dalar Amurka 275 ne, ko kwatankwacinsu.

Abubuwa biyu ne suka fi zama tarnaƙi ga mutanen wannan yanki. Na farko takardar aure, domin auren Bahaushe a zaure ko masallaci ake ɗaura shi, da waliyyi da shaidu da goro, ba a tashi da takarda, sai daga baya a nemo ta daga kotun shari'a ko ofishin rajistar aure. Na biyu rubutun suna. Muhammadu a takardar haihuwa ya koma Mohammed a fasfo, Abubakar ya koma Bubakar ko Garba, ga kuma al'adar sa sunan gari a ƙarshe, har mutum ya zama wane Tambuwal a wata takarda wane Umaru a wata. Jami'in da ke tantancewa bai san Garba da Abubakar mutum ɗaya ne ba, harafi ɗaya ya isa a dawo da takardu.

Da can, duk lokacin da aka sabunta wa yaro fasfo sai an sake buga masa kati har ya kai shekara 20, abin da ya mayar da bizar dindindin ta zama ta shekara biyar-biyar. A watan Afrilun 2021 aka sauƙaƙa wannan, aka ce sau ɗaya za a sake katin, wato idan ya karɓi sabon fasfo bayan cika shekara 20, lokacin da kamannin fuskarsa suka zauna. Kafin nan iyaye za su riƙa ɗora hoton sabon fasfo da na yaron ta intanet duk lokacin da aka sabunta. A watan Maris na shekarar kuma aka fitar da sanarwar da ta wajabta wa mai katin neman izini na musamman kafin ya yi aikin jarida ko bincike na ilmi ko wa'azin mishan ko fita tablig a Indiya. Ke nan yaron Tambuwal da ya girma ya so zuwa cibiyar tablig ta Nizamuddin a Delhi, katin da iyayensa suka yi masa yana goye zai shigar da shi ƙasar, amma sai ya koma neman wani izinin kafin ya fita da'awa.